Tafiyata da Baba Zuwa Tsohuwar Masaƙar Gusau

Funtua

Tun kafin kiran assalatu na isa gidanmu, na ɗora ruwan wankan Baba, na haɗa mana kaya a jaka guda: tufafinsa, magungunansa, dardumarsa, da fura a gora. Ana sallame asuba muka fito. Yaya Sani ya rako mu bakin titi fuska a ɗaure, sabon kwaɗon da ya sayo yana leƙowa daga aljihunsa. Saboda kwaɗon nan aka yi tafiyar, don haka bari in fara da shi.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a ɗakin saƙa na masaƙar Gusau, kuma ƙarar injuna ta cinye masa kunne tun muna yara. Da aka rufe masaƙar muka dawo Funtua. Inna ce kaɗai ke gane shi ba tare da an ɗaga murya ba, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa bara waccan. Bara hawan jini ya buge shi, ya shanye masa hannun dama da harshe. Ba ya ji, ba ya magana, ba ya iya rubutu. Hannun hagu ne ya rage, shi kuwa ba ya hutawa. Ya dafa goshi ya daki kafaɗa. Ya kaɗa yatsu ƙasa-ƙasa ya dafa ƙirji. Ya yi ta nuna haƙorinsa na gaba. A kan nuna haƙorin nan har wurin likitan haƙori muka kai shi, aka duba aka ce haƙoran Baba sun fi nawa lafiya.

Sau biyu yana fita ba a sani ba. Na biyun a tasha aka tsinto shi, tsaye a layin motocin Gusau. Daga nan Yaya ya yanke hukunci cewa ruɗewar tsufa ce, za a sa wa ƙofar zaure kwaɗo, kuma Baba ya gama zuwa masallaci. Ni Hauwa, wadda aka sani da taurin kai tun ina ƙarama, na ce ban yarda ba. Ruɗaɗɗe ba ya zaɓar layin mota. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan magana ɗaya: zan kai shi Gusau ya ga wuraren da ya sani. In ya nuna ya gane, kwaɗo ya koma kanti. In bai gane ba, in kama bakina.

A tasha muka zauna jiran gari ya waye sosai, domin yanzu babu direban da ke shiga hanyar nan da duhu. Na biya kujeru biyu a gaba saboda ƙafar Baba, kuɗin kuwa ya kusa ninka na bara. Rana ta ɗaga kaɗan muka tashi.

Tsafe

Direbanmu wani Bazamfare ne mai suna Ɗanjuma, mai surutu kamar rediyo. Muna wuce 'Yankara ya rage gudu ya ce, "To jama'a, kowa shi riƙa salati, mun shigo gida." Shingayen jami'an tsaro na daina ƙirga su tun kafin Kucheri. A ɗaya daga ciki aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, amma da jami'in ya leƙo ya ga Baba sai ya ce tsoho ya zauna abinsa. Gero duk an yanke, an jingina dammuna a bakin gonakin da ke kusa da titi. Na can ciki kuwa da yawa ciyawa ce a tsaye, ba wanda ya tambayi dalili.

Da hantsi muka sauka a Tsafe, don a nan Baba ya fara neman na kansa. Kafin masaƙa, dako yake yi a filin awon auduga, wurin da manoma ke kawo ta a jakuna a ɗora a sikeli. Mai a-daidaita-sahu na farko bai san wurin ba. Na biyu, wani mai furfura, ya ce, "Awo, na san shi. Ba komi can yanzu, Hajiya, sai daɓe."

Gaskiya ya faɗa. Daɓen siminti ne mai faɗi duk ya tsattsage, da ƙarafa biyu a tsaye inda ake rataya sikeli. Mata sun baza barkono a kai yana shan rana. Na riƙo Baba na kai shi gaban ƙarafan, na tsaya ina kallon fuskarsa kamar mai duban wata. Cutar nan ta daskarar masa da fuska, ba ka gane murna ko akasinta. Ya dubi daɓen, ya dube ni, ya ɗaga yatsa ya nuna haƙori.

Muna cin waina a bakin tasha Yaya ya kira.

"Ya gane?"

"Da sauran tafiya, Yaya."

"Ai na sani," ya ce, ya kashe.

Daga Tsafe muka shiga wata ƙaramar mota. Wani malami da ke bayanmu ya nuna mini mararrabar 'Yandoto, tsohon garin malamai, ya ce waɗanda suka kafa Gusau daga nan suka taso. Can gaba dutsen Kwatarkwashi ya tare mana ido, baƙi ƙirin, gari na kwance a gindinsa. Malamin ya ce a da a kan dutsen mutane ke zaune, sai da duniya ta kwanta suka sauko. Tun ina yarinya Baba bai taɓa wuce dutsen nan bai ba mu labarin masu hawa kamun maiki, ƙaton tsuntsun nan, ba. Na juya in taɓa shi ya gani, na tarar yana sharar barci.

Gusau

Bayan azahar muka sauka gidan Gwaggo Asabe a Tudun Wada. Ƙanwar Inna ce, amma Gwaggo muke ce mata, kuma ba ta ga Baba ba tun zaman makoki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya dube ta ya yi abin hannunsa. Ta fita tsakar gida tana share ido da gefen mayafi, ta ce mini a hankali, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, amma ni na ga Sani na da gaskiya." Ta kawo mana hoce, gasasshiyar wainar dawa ta mutanen can, da ƙuli da man gyaɗa. Baba ya ci sosai, ni na kasa.

Washegari na yi shatar a-daidaita-sahu na rabin yini. Tashar jirgin ƙasa muka fara zuwa. Ginin na nan da allonsa mai sunan gari, da tsohon tankin ruwa a sama, amma ciyawa ta haɗiye dogo, awaki na kiwo a tsakani. Mai tuƙa mu ya nuna wani fili ya ce kakansa ya gaya masa a nan ake jibge buhunan gyaɗa har su fi soro tsawo, jirgi ya kwashe. Muka bi ta Kantin Daji, inda tsofaffin kantunan kwano masu faɗin baranda suke, wasu an mai da su shagunan kayan gini. Muka wuce inda ake gurzar auduga, wurin da a da ƙurar auduga ke tashi ta manne wa mutum a gira. Ko'ina sai in sauko da Baba, in tsayar da shi, in kalli fuskarsa. Ko'ina sai ya dubi wurin ya nuna haƙori. Tun ina sa rai har na fara shirya yadda zan faɗa wa Yaya.

Masaƙa na bari ƙarshe. Doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe wadda tsatsa ta ci. Maigadi ya ce ba shi da izinin buɗewa, amma ya bar mu mu leƙa ta tsagar ƙofa. Na hango dogon gini wani sashen babu rufi, tumfafiya ta fito ta tagogi. A da a nan jiniya ke busawa gari duka ya san lokaci, har Inna da ita take ɗora tukunya. Yanzu kurciyoyi kaɗai ke kuka a ciki.

Baba ya saki hannuna. Ya ɗora tafinsa a kan ƙofar ya daɗe, sannan hannun ya fara aiki da saurin da ban taɓa gani ba: goshi, kafaɗa, gwiwar hannu, haƙori, haƙori, haƙori. Maigadi ya ja da baya. Na ce a raina shi ke nan, na kawo shi inda abin zai ƙaru. Na zauna a kan wani dutse na yi kukan da na riƙe tun Tsafe.

"Ke ɗiya, wanga ba Garba na ba, na ɗakin saƙa?"

Wata tsohuwa ce mai sayar da shinkafa da wake a rumfar da ke jingine da katangar. Na ce shi ne. Ta ajiye ludayi ta zo gabansa, ta dunƙule hannu kamar mai yankar tuwo, ta ɗaga yatsu biyu. Baba ya girgiza kai ya ɗaga uku.

Ta fashe da dariya har da tafi. "Malmala ukku, har gobe. Garba bai taɓa ƙoshi da biyu ba."

Sunanta Inna Tumba, kuma a bakin ƙofar nan ta yi ta sayar wa ma'aikata tuwo tun tana amarya. Na ce mata mu a gida mun ɗauka ruɗewa ce.

"Wa yac ce miki ruɗewa ta? Magana shi kai. Ciki can, in injuna sunka tashi, ko kin sa baki ga kunnen mutum ba shi jin ki. Da hannu su ka magana, tun sahe har a tashi. Ni dai ta tuwo da miya na sani, don da ita su ka hitowa wurina."

"To haƙorin fa, Inna?"

"Iliya mai wushirya shi ka nema. Kowa da sunanai na hannu. Injinsu na kusa da juna. Shina Bungudu yanzu, wurin ɗanai mai injin niƙa."

Na kira Yaya a nan take na gaya masa. Ya saurara ya ce, "Hauwa, malmala uku ba hujja ba ce. Kowa ya san cin Baba." Na so in ce wani abu, na tuna yayana ne, na haɗiye.

Bungudu

Da safe muka shiga motar hanyar Sakkwato. Tafiyar ba nisa, shinge biyu kawai muka tarar. Gulbi na nan da sauran ruwan damina, mata na wanki a gefe, kuma a bakin tsohon gari an nuna mini wani tudun ƙasa aka ce ragowar ganuwa ce. Neman injin ɗan Iliya bai ba mu wuya ba, ƙararsa ce ta yi mana jagora.

Baba Iliya mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista, ya zo Gusau neman aiki yana saurayi bai koma ba. Muka same shi zaune a kan benci cikin rumfar injin, gari ya yi masa fari fat a gira. Mata sun jera kwanonin dawa, injin na ta rugugi, ko sallamata ban ji da kunnena ba. Ya ɗago ya ga Baba. Ya miƙe a hankali, bakinsa ya buɗe, sai ga wushiryar, har ta ƙara faɗi don haƙori ɗaya ya faɗi.

Baba ya nuna haƙori. Baba Iliya ya ja gemunsa sau biyu, ashe sunan Baba ke nan. Suka rungume juna, sandar Baba ta faɗi ƙasa.

Ɗan Baba Iliya ya nufi injin zai kashe, uban ya ɗaga masa hannu ya bari. Suka zauna a benci suna fuskantar juna, hannuwa suka shiga aiki. Wannan ya yi, wancan ya amsa tun bai gama ba. Wani lokacin Baba Iliya ya daki cinya yana dariya, kafaɗun Baba su ma suna rawa. Ni da matan nan da mai injin muka tsaya muna kallo. A cikin ƙarar nan mu ne kurame kuma bebaye, su biyu kaɗai ke hira. Can na ga Baba ya kama leɓatun kunnensa inda mace ke sa ɗan kunne, ya kwantar da tafin hannu ƙasa. Baba Iliya ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji ya sunkuyar da kai. Wannan ba sai an fassara mini ba, rasuwar Inna ya faɗa masa.

Da niƙa ya ƙare aka kashe injin, matar gidan ta kawo mana kunun tsamiya. Baba Iliya ma kunnensa ya yi nauyi, da ƙarfi yake magana. Na roƙe shi ya bar ni in ɗauka a waya, ya ce bisimilla.

"Mi kuka so ku sani? Hankalin Garba ya hi nawa. Ya ce in gaya miki matar ɗanai ba ta sa yaji ga miya. Ya ce kun kai shi anka buɗe mai baki banza."

Na tambaye shi dafa goshi da dukan kafaɗa.

"Wagga ita ta babba. Masaƙi ba shi barin injinai na tahiya shi hita, zare na tsinkewa yadi shi lalace. Sai ka samu mai riƙe ma. Goshi, salla ke nan. Kahwaɗa, riƙe min. Ran Juma'a ni ka riƙe na Garba shi tai masallaci. Ran Lahadi in muna da aiki, shi ka riƙe nau in tai coci. Shekara da shekaru haka munka yi, ko sau guda ba a ga aibi ga yadinmu ba."

"In an yi maka, me za ka ce?"

Ya daki ƙirjinsa sau biyu, ya nuna ƙofa da babban yatsa. "Na riƙe, tahi. In ba a amsa ma ba, ba ka gusawa. Ka tsaya nan ka yi ta yi."

Na tuna Baba tsaye a zaure duk lokacin salla yana dafa goshi yana dukan kafaɗa, mu muna wucewa ta gabansa muna cewa Allah ya sawwaƙe. Sallama yake yi mana, yana jiran a amsa. Ran da ya gaji da jira ne yake fita shi kaɗai.

Muna cikin haka Baba ya juyo gare ni, ya kaɗa yatsunsa ƙasa-ƙasa ya dafa ƙirji. Wannan kam kullum da safe in na biya gaishe shi kafin in wuce makarantar da nake koyarwa sai ya yi. Likita ya ce mana rawar jijiya ce.

Baba Iliya ya dube ni ya ce, "Ashe ke ta Marka."

Na juyo da sauri na dube shi. Ban gaya masa wannan sunan ba. Baba kaɗai ke kirana da shi, kuma rabon da in ji shi tun ranar da harshensa ya mutu.

"Ran da anka haihe ki ruwa ankai kamar da bakin ƙwarya. Ya shigo aiki jiƙe sharkaf, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya yi ruwa da yatsu, ya dahe ƙirji. Kahin a busa jiniya duk ɗakin saƙa an san Garba ya samu ɗiya. Ga shi nan shina kiran ki, ki amsa mana."

Shekara guda mahaifina yana kiran sunana kowace safiya. Na tambayi yadda ake amsawa. Baba Iliya ya nuna mini: a ɗaga tafin hannu, a mai da shi ƙirji. Na yi. Baba ya sake kira, na sake amsawa. Ya yi har sau uku, kamar mai gwada ƙofar da ta daɗe a rufe, hawaye na bin gefen fuskarsa mai motsi.

Muka yini a gidan. Kafin la'asar na ɗauki alamu da dama a waya: ruwa, zafi, shayi, gajiya, bari, zo. Na tura wa Yaya duka ban rubuta komai a ƙasa ba. Bai amsa ba.

Gida

Muka kwana a Gusau, da hantsi muka kamo hanya. Gwaggo Asabe ta cika mana leda da hoce, ta tsaya a gaban Baba ta gwada alamar shayi, ya gyara mata yatsa. A Kwatarkwashi wannan karon idonsa biyu. Ya taɓa ni, ya nuna dutsen, ya buɗe hannu kamar fiffike.

Bayan azahar muka shiga Funtua. Na tarar an riga an kafa wa ƙofar zaure marataya, kwaɗon na rataye a buɗe. Yaya ya karɓi jaka ya yi mana sannu da hanya, bai ce komai game da saƙona ba, ni ma ban tambaya ba.

Da aka kira magariba Baba ya yi alwala, ya ɗauki sandarsa, ya zo zaure ya tsaya inda ya saba. Ya dafa goshi, ya daki kafaɗa. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, hannunsa kusa da kwaɗon. Ya dubi Baba, ya dube ni. Sai ya ɗaga hannu ya daki ƙirjinsa sau biyu, ya nuna ƙofa, amma da ɗan ali ya nuna. Baba ya matsa ya kama hannun, ya lanƙwashe ɗan alin, ya miƙar masa da babban yatsa, sannan ya wuce. Yaya ya sunkuya ya ɗauki dardumar ya bi bayansa. Kwaɗon yanzu yana jikin akurkin kajin matarsa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya a hanyar da ba kowa ke wannan sa'ar ba. Na gode wa Gwaggo Asabe da hocenta, da Inna Tumba da ta ajiye ludayinta ta taso, da Baba Iliya da iyalinsa, wanda ya yi alkawarin zuwa Funtua bayan Kirsimeti. Masaƙar Gusau ta tsaya, jiniyarta ta yi shiru, amma maganar da aka koya a cikinta ta shigo gidanmu, har jikoki sun fara iyawa. Yau da safe na biya kafin makaranta, na tarar da Baba a kan tabarmarsa yana jira. Ya kaɗa yatsu ya dafa ƙirji, na amsa.